Sallama a Ƙofar Na'ura: Daga Sokode zuwa Dapaong

Bahaushe ba ya faɗa wa gidan wani haka kawai, ko da kuwa ƙofar a buɗe take. Yakan tsaya a bakin zaure ya yi sallama, sa'an nan ya saurara. In yaro ya leƙo, sai ya ce a shiga a ce ana sallama da maigida. Yaron ya koma ciki, ya dawo da ɗaya daga cikin amsoshin da kowa ya sani: wai yana zuwa, wai a shigo, ko kuwa wai ba ya nan. Wani lokaci baƙon yana jiyo tarin maigidan daga tsakar gida, amma ba zai ce uffan ba, domin ya san "ba ya nan" tana iya nufin "ba yanzu ba". In kuma ya yi sallama har sau uku ba a amsa ba, sai ya juya, babu fushi. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, kalmar da aka shiga da ita, da ita ake fita. Ana yin sallama a ƙofa, ana kuma yin sallama da mutum in za a rabu, maigida ma yakan sallami baƙonsa, wato ya ba shi izinin tafiya. Kalma guda ce take tsaron zance daga farkonsa da kuma ƙarshensa.

Akwai wasu tsofaffin hanyoyin aika saƙo a kwamfuta waɗanda suka yi kama da wannan ɗabi'a ƙwarai, alhali waɗanda suka ƙirƙire su ba su taɓa zama a zaure ba. Hanyoyin suna cikin tsarin nan mai suna Unix, kuma an yi su ne a zamanin da mutane da yawa suke tarayya a kan na'ura guda, kamar baƙi a gida ɗaya. Ɗalibin Hausa na yau, wanda ake yawan kawo masa kalmomin kwamfuta a ce ya fassara, zai ƙaru idan ya dube su. Wurin da ya dace a tsaya a dube su kuwa shi ne arewacin Togo, inda Hausa ta daɗe tana aikin isar da saƙo tsakanin mutanen da ba harshensu ɗaya ba.

Sokode tana tsakiyar ƙasar Togo, kimanin kilomita 340 arewa da Lome. Ƙasar Kotokoli ce, masu magana da harshen Tem. Daga nan babbar hanya ta ratsa duwatsun Alejo, ta wuce Bafilo da Kara da Kante da Mango, ta kai Dapaong, garin Moba, kusan kilomita 300 daga Sokode, sa'an nan ta ƙarasa Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Tun kafin a yi wannan kwalta, fataken goro suna ratsa yankin a kan hanyarsu daga Kano zuwa Salga ta ƙasar Gwanja. Wasu ayarin sukan biyo ta Nikki da Jugu su faɗo ƙasar Kotokoli, wasu kuma su bi ta Gurma su sauka a Mango. Sun bar sawunsu a sunayen wurare. Cikakken sunan Mango shi ne Sansane Mango, daga kalmar "sansani". Unguwar baƙi a garuruwan yankin sunanta zongo, wato zango. A Sokode kuwa, tsohuwar unguwar fatake da malamai ita ce Didaure.

A wancan zamani saƙo da ƙafa yake tafiya. Mutum ya rubuta wasiƙa, ko ya sa malami ya rubuta masa, a naɗe ta, a damƙa wa madugu ko wani amintacce a cikin ayari. Ta kwana a zango bayan zango, ta yi watanni kafin ta isa hannun mai ita. Saboda haka wasiƙa ta zama fanni mai ƙa'ida: yadda ake buɗewa da gaisuwa, yadda ake ambaton mai aikawa da wanda aka aika wa, yadda ake rufewa. Alhaji Umaru, Bakanen nan da ya zauna a Salga, daga baya ya zama limamin Kete Karaci lokacin da garin yake ƙarƙashin Jamusawan Togo, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, a 1877. Dalilin wannan tsanaki a fili yake. Mai wasiƙa ba ya wurin lokacin da ake karanta ta, ba za a iya tsayar da shi a ce "me kake nufi?" ba. Dole takardar ta ɗauki ladabinsa da bayaninsa gaba ɗaya. Shi ya sa duk da gwanintar marubuta, Hausawa ba su fasa cewa zuwa da kai ya fi saƙo ba.

An fara gina Unix a 1969 a ɗakunan binciken Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu. A lokacin kwamfuta abu ce mai tsada, ba wanda yake da tasa shi kaɗai. Na'ura guda ake ajiyewa a ɗaki, a jawo wayoyi daga jikinta zuwa tebura da yawa, kowane tebur da madannansa da wurin da rubutu ke fitowa, da farko a takarda, daga baya a allo. Kowa yana da sunan shiga da kalmar sirri. Wanda ya san gidan baƙi na zango ya riga ya fahimci tsarin. Gida ɗaya ne, kowane falke da ɗakinsa da kayansa, ba mai taɓa na wani. Sa'an nan akwai maigida, mai riƙe da makullan duka, wanda a Unix ake kira root.

A irin wannan gida, kafin a yi wa mutum magana sai an san ko yana ciki. Umarnin da ke wannan aiki shi ne who. Da an buga shi, na'ura za ta jero sunayen duk waɗanda suke ciki a wannan lokaci, da teburin da kowa yake kai, da sa'ar da ya shigo. Shi ne yaron da ake aikawa ya duba. In an ga sunan wanda ake nema, sai a buga write tare da sunansa. Wannan umarni yana cikin Unix tun fitowarsa ta farko a 1971. Nan take ƙararrawa za ta yi ƙara a teburin wancan, layi ya bayyana a allonsa mai cewa saƙo ne daga wane, daga tebur kaza. Daga nan duk layin da mai aikawa ya rubuta ya danna maɓallin shigarwa, sai ya fito a gaban abokinsa. Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. A Unix kowane allo ana ɗaukarsa kamar fayil ne, saboda haka write buɗe fayil ɗin allon wani kawai yake yi, ya zuba rubutu a ciki. Ba ya ajiye komai. In mutumin ba ya cikin na'ura, sai a ce maka ba ya nan, shi ke nan. In yana nan ya karanta, allon ya matsa sama, maganar ta wuce kamar yadda maganar baka take wucewa. Mai son barin sallahu sai ya nemi umarnin mail, wanda shi ne ɗan'uwan wasiƙa.

Waɗannan na'urori sun iso Togo a hankali. Tun wajen 1989 cibiyar binciken Faransa da ake kira ORSTOM ta fara haɗa ofisoshinta na Afirka da wata hanyar sadarwa mai suna RIO, wadda ta taɓa birane irin su Dakar da Bamako da Wagadugu da Yamai da Lome. Na'urorin Unix ne suke kiran juna ta wayar tarho lokaci zuwa lokaci, da wata dabara mai suna UUCP. Kowace ta karɓi wasiƙun da aka tara, ta riƙe, ta miƙa wa ta gaba in lokacin kira ya yi. Wato ayari ne aka sake yi, zango zango, sai dai abin da yake cin watanni ya koma sa'o'i. A 1997 kamfanin CAFE Informatique na Jean-Marie Noagbodji ya buɗe wa jama'a intanet a Lome. A 2002 aka yi taron AfNOG a birnin, inda ake koya wa injiniyoyin Afirka sarrafa irin waɗannan na'urori. Adiel Akplogan, wanda ya yi aiki a wannan kamfani, shi ya zama shugaban farko na AFRINIC, hukumar da ke raba lambobin intanet a nahiyar. Da zuwan intanet, ba sai mutum yana ɗaki ɗaya da na'ura zai shige ta ba. Daga kowane gari yana iya buɗe taga a kwamfutarsa, ya ba da sunansa da kalmar sirri, ya zama yana cikin gidan.

To, a ƙaddara wasu 'yan'uwa biyu 'yan Didaure a farkon shekarun 2000. Babban yana aiki a shagon intanet a Sokode, kusa da mahaifiyarsu wadda ba ta da lafiya. Ƙaramin aiki ya kai shi Dapaong. Dukansu suna da sunan shiga a na'ura guda da ke Lome. Da yamma ƙaramin ya shiga, ya buga who, ya ga sunan wansa, sai ya buga write. Ga yadda zancen zai iya kasancewa, an bar shi babu ƙugiya a haruffa kamar yadda allon zai nuna:

"Salamu alaikum. Yaya, ina wuni? -o"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ya aiki, ya sanyin arewa? -o"

"Da godiya, sanyi lokacinsa ne. Ya jikin Inna? -o"

"Da sauki. Jiya ta ci tuwo, ta yi barci. -o"

"Alhamdu lillahi. Yaya, na ba direban nan jaka ashirin na magani tun Litinin. -o"

"Eh, ya bata. -o"

Kafin a kai ga wannan layi na ƙarshe, ya kamata a tsaya a kan 'yar alamar da ke bayan kowane layi. Tun da write ba ya hana mutum biyu rubutu lokaci guda, in ba a yi hankali ba layukansu sukan cakuɗe a allo, kamar mutum biyu suna magana ba mai sauraren wani. Sai masu amfani da shi suka aro al'adar masu magana ta rediyon oba-oba. Harafin "o" a ƙarshen layi yana nufin na gama, kai nake saurare. Biyu a jere, "oo", suna nufin a wurina zance ya ƙare. Na'ura ba ta san da wannan ƙa'ida ba, kuma ba ta hukunta wanda ya karya ta. Ladabi ne kawai da mutane suka ɗora wa kansu.

Hausa tana da nata kayan wannan aiki, kuma sun fi harafi guda yawa. Mai sauraro ba ya yin gum, yakan riƙa jefa "na'am", "to", "haka ne", "ikon Allah", don mai magana ya san ana tare da shi. Mai magana in ya kai aya yakan ce "ka ji", ko "abin da ke nan ke nan", ya miƙa zancen. Gaisuwa kanta horo ce a kan karɓa-karɓa: tambaya da amsa, tambaya da amsa, kowa ya san lokacinsa, ƙarami ya fara, babba ya amsa ya ƙara da tasa. A zancen 'yan'uwan nan sai da aka yi layi huɗu kafin a taɓo kuɗi. Wanda ya ɗauki wannan ɓata lokaci ne bai lura da aikin da layukan suka yi ba. A cikinsu ne ƙaramin ya tabbatar wansa ne a kan teburin, hankalinsa yana wurin, kuma ba wani mugun labari da ke jiransa.

Sai kuma "ya bata". A Dapaong gaban ƙaramin ya faɗi. Kuɗin ne ya ɓata a hanya? Direban ne ya ɓata? Ko kuwa direban ya ba ta, wato ya damƙa wa Inna? Jaka ashirin ta sefa ba ƙaramin abu ba ne a wurin ma'aikaci, kuma bayan kuɗin akwai amanar direban da shekara da shekaru yake kai musu saƙo tsakanin garuruwan biyu. Sai ya rubuta:

"Yaya, kudin ne ya salwanta, ko Inna ya ba? -o"

"Inna ya ba, hannu da hannu, ina tsaye. -o"

"To madalla. A gaida ta, Allah ya kara sauki. Sai da safe. oo"

"Amin, za ta ji. Allah ya tashe mu lafiya. oo"

Da a wasiƙar ayari aka yi wannan kuskure, da an yi watanni ana zargin bawan Allah da abin da bai aikata ba. A nan kuwa cikin rabin minti aka warware, saboda duka biyun suna nan, kowa yana iya tsayar da ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa write ya fi kusa da zuwa da kai fiye da saƙo.

Amma kuskuren kansa darasi ne, kuma kashi biyu ne. Kashi ɗaya laifin marubuci ne: "ba ta" kalmomi biyu ne, aikatau da wakilin suna, ƙa'idar rubutu ta ce a raba su. Ɗaya kashin laifin na'ura ne. Tsarin haruffan da Unix ya tashi da shi, mai suna ASCII, gurabe 128 kawai gare shi, an kuma yanka su daidai da bukatar Ingilishi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, haruffan da rubutun boko ya riƙe tun shekarun 1930, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Saboda haka ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa, saƙo kansa ya koma sako. Wanda ya yi dabarar cusa harafi mai ƙugiya, tsohon write yakan mayar masa da shi tarkacen alamomi, domin an gina shi ya tace duk abin da bai gane ba. A Togo akwai ƙarin wani nauyin. Da Faransanci ake karatu a makaranta, saboda haka mai jin Hausa yakan rubuta ta da ƙa'idar da ya koya: "sannou", "ina kouana", "tchikin gida", "Djoumma'a". Ɗalibin da ya ci karo da irin wannan rubutu kada ya yi saurin raina shi. Shaida ce ta yadda mutum yake jin sautin harshensa, da kuma irin alƙalamin da aka ba shi. Maganin matsalar ƙugiya ya zo ne a 1992, lokacin da Ken Thompson ɗin nan dai, shi da Rob Pike, suka tsara UTF-8, wanda ya ba haruffan harsunan duniya hanyar shiga na'ura ba tare da an rushe tsohon tsari ba. Da shi ake rubuta yawancin shafukan intanet a yau. Wanda ya ƙi sa ƙugiya yanzu, ba na'ura ce ta hana shi ba.

A gidan baƙi kowane ɗaki yana da asabari. In an naɗe shi, mai wucewa yana iya leƙowa ya yi magana. In an sake shi, an san mai ɗakin yana barci, ko yana lissafi, ko yana ganawa da wani. Asabarin Unix shi ne umarnin mesg. Wanda ya buga mesg n ya janye wa sauran jama'a izinin rubutu a allonsa, mai neman sa da write sai a gaya masa an rufe. In ya buga mesg y ya mayar da izinin. Wannan ya zama dole domin write ba ya jiran a ce masa shigo. Mutum yana tsakiyar rubuta wani aiki, sai layin wani ya faɗo masa a tsakiyar allo. Wasu shirye-shiryen buga takardu ma da kansu suke sakin asabarin har su gama, don kada gaisuwar wani ta fito a tsakiyar shafi. Muhimmin abu shi ne igiyar asabarin tana hannun mai ɗaki. Kuma sunansa yana nan a jerin who, kowa ya san yana ciki, amma ba wanda yake ganin an wulaƙanta shi. Ita ce "ba ya nan" ɗin da yaro yake kawowa daga cikin gida.

A 1983, a cikin Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aka fito da talk, wanda ya fi write kunya. Shi ba ya zuba magana a allon mutum. Sanarwa kawai yake kaiwa cewa wane yana neman magana da kai, in ka yarda ka amsa da umarni kaza. Mai kira yana zaune yana jira, ana maimaita sanarwar, har a amsa ko ya haƙura. Wannan ita ce sallama sosai. In an amsa, allo ya rabu biyu, sama na mai shi, ƙasa na abokin hira, kowa yana rubutu a nasa ɓangaren. Abin da ya bambanta shi kuma shi ne harafi harafi yake tafiya. Abokin hira yana ganin kalma tana haɗuwa, yana ganin inda aka yi jinkiri, yana ganin abin da aka fara rubutawa aka goge. In ƙane ya fara rubuta wa wansa magana mai zafi, sa'an nan ya tuna da girma ya share, an riga an gani. Magana zarar bunu ce, a talk ma haka take.

Na ƙarshe shi ne wall, wanda sunansa taƙaitawa ce ta "rubuta wa kowa". Shi ne mai shela. Abin da aka ba shi yakan fito a allon duk wanda yake cikin na'ura. In maigida ne ya yi shelar, har ɗakunan da aka saki asabari tana shiga, domin akwai labarin da ba a ɓoye wa mai barci, kamar a ce za a kashe na'ura nan da minti goma, kowa ya adana aikinsa. Wanda ya taɓa ganin gobara a kasuwa ya san dalilin da ya sa ba a yin sallama kafin a yi ihu. Amma iko irin wannan yana da haɗari. A 2024 aka gano wani rauni a wall na Linux, wanda zai ba wani damar aika shelar ƙarya mai kama da tambayar na'ura, ya yaudari mutane su rubuta kalmar sirrinsu. Sai da aka toshe shi. Muryar da take shiga kowane ɗaki ba izini, in ta faɗa bakin maƙaryaci, ɓarnarta takan fi ta ɓarawon da ya hauro katanga.

Akwai kuma ikon da ya fi na maigida, wato ikon wanda yake riƙe da hanyar da ake bi a zo gidan. Togo ta san wannan tun da daɗewa. A Kamina, kusa da Atakpame a kan hanyar Lome zuwa Sokode, Jamusawa sun gina babbar tashar rediyo mai magana da ƙasarsu kai tsaye. A watan Agusta na 1914, da sojojin Ingila da Faransa suka matso, su da kansu suka rushe ta kafin su miƙa wuya. Bayan shekara ɗari da uku, a ranar 19 ga Agusta 2017, zanga-zangar neman a koma wa tsarin mulkin 1992 ta ɓarke, Sokode kuma tana cikin inda ta fi zafi, har aka rasa rayuka. A watan Satumba hukuma ta katse intanet daga ranar 5 zuwa 10, ta sake katsewa daga 19 zuwa 21. Mai siyasa da wanda ba ruwansa duk abin ya shafe su: 'yar kasuwar da take jiran farashi daga Sinkase, ɗalibin da yake jiran kuɗin makaranta, ɗan da yake son jin jikin mahaifiyarsa. Reshen Togo na Amnesty International da wasu ƙungiyoyi da wata 'yar jarida suka kai ƙara kotun ECOWAS, wadda a Togo ake kira CEDEAO. A ranar 25 ga Yuni 2020 kotun ta yanke cewa katsewar ta keta 'yancin faɗar albarkacin baki, ta kuma umarci a biya diyya.

Da 'yan'uwan nan biyu suna kan tsohuwar hanyarsu a waɗannan kwanaki, da write bai cece su ba, domin hanyar zuwa na'urar Lome ita aka toshe. Amma mutum goma da suke ɗaki guda a Sokode, a kan na'ura guda, da sun ci gaba da magana da juna, tun da saƙonsu ba ya fita waje balle a tare shi. A nan bambanci ya fito tsakanin rufewa iri biyu da idon da bai lura ba zai ɗauka ɗaya ne. Mai ɗaki ya saki asabarinsa daga ciki, wannan haƙƙinsa ne, kuma yana daga cikin abin da yake sa zama tare ya yiwu. Wani ya zo daga waje ya datse ƙofofin unguwa duka, wannan kulle ne, ko da wane suna aka kira shi.

Yau 'yan Didaure da 'yan zongon Dapaong da WhatsApp suke gaisawa, galibi ma da saƙon murya, wanda ya raba su da wahalar ƙugiya da ta "ou" da "tch". An sami sauƙi mai yawa. Sai dai sabon tsarin ya haɗe wasiƙa da magana wuri guda. Saƙo yana shigowa kowane lokaci kamar magana, yana kuma zama a ajiye kamar wasiƙa. Alamar da ke nuna an karanta ta sa "ba ya nan" ta yi wuyar faɗa, har shiru ya fara zama laifi tsakanin 'yan'uwa. Hira kuma ba ta da "oo". Takan tsaya ne kawai, a bar ɗaya yana duban waya bai san ko an sallame shi ba.

Saboda haka in an kawo wa ɗalibi jerin kalmomin manhaja a ce ya mayar da su Hausa, kafin ya buɗe ƙamus ya kamata ya tambayi kansa wane aiki kalmar take yi tsakanin mutum da mutum, sa'an nan ya nemi inda Hausawa suke yin wannan aiki. Jerin waɗanda suke kan layi, "su wa ke nan" ne. Neman a fara hira, sallama ce, karɓarta kuma amsa sallama. Saƙon da aka bar wa wanda ba ya nan, sallahu ne. Wanda aka aika wa kowa da kowa, shela ce. Alamar kada a dame ni tana iya zama "an saki labule", ko "a dawo an jima", wadda ta fi taushi, ta kuma bar wa baƙo hanyar komowa. Maɓallin fita daga hira kuwa ba ya bukatar sabuwar kalma, tun da wadda aka shiga da ita tana nan. Tsohuwar da aka miƙa wa waya a Didaure don ta ji muryar ɗanta na Dapaong, in ta ga waɗannan kalmomi ko aka karanta mata su, ba sai an yi mata bayani ba.